Ƙanƙara a Bakin Gudumar Iska

A daminar da na yi ina fasa dutse a Kurudu, gudumar iskar da nake riƙewa, wadda injin kwamfaresa ke tura wa iska ta tiyo, ta koyi lalaci. Takan fara aiki da ƙarfi, can sai ta dinga tari kamar tsohon mashayin taba, ta tsaya. Da na duba ramin da iska ke fita, sai na ga ƙanƙara ta toshe shi.

Na gaya wa injiniyanmu. Ya dubi rana, ya dube ni.

"Ƙanƙara a Abuja? Sannu, Bature. Ƙarfi ne ba ka da shi."

Da yake shi ne mai digiri, sai ya aika kasuwar Dei-Dei aka sayo sabon tiyo. Guduma ta ci gaba da tarinta. Ya sauya mata ƙarfen da ke sarar dutse, ba ta daina ba.

Rana ta uku, dattijon da ke gadin wurin ya tambaya, "Oga, yaushe rabonku da zubar da ruwan tankin kwamfaresa?"

Aka murɗe famfon ƙasan tankin, ruwa mai tsatsa ya wanke wa injiniya takalmi. Nan take guduma ta warke. Ashe ruwan ne ke bin iska yana daskarewa a bakin ramin.

Injiniya ya gyara hula ya ce dama abin da yake zargi ke nan.