Idanu Biyu a Gonar Kawu Hamma

A duk yankin Kaoje, Albashir ne mutum na farko da ya ba ruwa umarni daga cikin aljihunsa. Haka yake faɗa, kuma ba a ƙaryata shi ba, don ba a tambayi ruwan ba.

Albashir shi ke kula da ɗakin gwaje-gwaje na wata sakandare, aikin da galibinsa goge ƙura ne daga kwalaben da ba komai a ciki. Tun yana ƙarami yake kwance rediyon mutane, wasu ma ya mayar. Da ya gano akwai shafin da ake haɗa manhajar waya ba tare da an iya harshen kwamfuta ba, ana jawo 'yan tubala masu launi ana jerawa kamar mai gini, sai ya bar rediyo ya huta.

Ya kafa sanda a gonar shinkafar rani ta kawunsa Hamma, ya ɗaura mata na'ura mai idanu biyu da ke kallon ƙasa tana auna tsayin ruwa. In ruwa ya ja baya, wayarsa ta nuna nan take, ya taɓa, famfo ya tashi. Kawu ya ba shi fangali ɗaya na gwaji, da sharaɗin in shinkafa ta mutu, ya tattara wayoyinsa, kada ya sake taka gonar.

Sai dai gonar tana bakin hanyar da 'yan babur ke bi zuwa iyakar Benin, da kayan da ba sa son a gaishe su.

Wata rana suka tarar da Albashir a gindin sandar. "Malam, mi abin ga ka kallo?" in ji Ɗanaudu, shugabansu.

"Ruwa."

"Ruwa? Da ido biyu? Kai da ka da ido biyu ba ka iya kallo nai?"

"Shi ba ya gajiya."

"Haka ma kwastan," in ji Ɗanaudu.

Fasa na'urar bai taso ba, don uwar Ɗanaudu da uwar Albashir ɗaki ɗaya suka fito, kuma ba a ɓarna a gonar dangi. Saboda haka aka yi abin mutunci: aka samo ƙwarya, aka ɗaure ta a ƙarƙashin idanun.

Daga ranar na'urar ta ɗauki ƙwaryar a matsayin ruwa, wayar Albashir ta riƙa cewa ruwa ya cika maƙil. Da farko ya nuna wa malamai. Da abin ya daɗe sai ya fara zargi. Ya zargi layin Benin da ke kutsowa cikin wayoyin mutane ba sallama. Ya zargi malamin lissafi, wanda ya taɓa riƙe wayar ya yi murmushi. Ya zargi tubalansa, ya rushe su ya sake jerawa, ya canza musu launi. Ruwa dai na nan a cike.

Kawu Hamma ne ya zo makaranta da kansa, riƙe da busasshen tushen shinkafa da ƙwarya.

"Ɗana, ga amfanin gonarka. Ƙwaryar kuma ta Dela ce mai fura, ta ce a maido mata."

Albashir ya auna ƙwaryar da ido, ya ce ai kuwa na'urar ba ta yi kuskure ba ko kaɗan. Kawu ya ce ya ji daɗin haka, sandar ma yana so a cire kafin la'asar.

Daga makaranta zuwa gonar, wadda Albashir bai leƙa ba duk tsawon kwanakin nan, mai tafiya a ƙafa ba ya gama cin goro ɗaya.