Haƙorin Inna daga kwabon Baba

Mun tashi da asuba daga Makka bayan mun gama Umara, ni da mahaifiyata, muka nufi Jidda. Hanya sumul, ba rami ko ɗaya, amma direba gudu yake kamar an biyo shi. Inna ba ta ko kalli titi ba, hannunta na kan lalitarta.

A cikin lalitar akwai kwabon zinariya na marigayi Baba, irin wanda babban bankin ƙasashen sefa ya buga don ajiya, ba don cefane ba. Jikka biyar aka rubuta a jikinsa, da hoton kifi mai bakin zarto. Har ya rasu Baba bai yarda wani ya taɓa shi da hannu ba. Shi Inna ta ce a narka a yi mata haƙorin Makka. Ni kuwa na rantse ba za a yi ba.

Muka sauka unguwar Ruwais wurin wata 'yar garinmu, muka karya da dafaffen wakensu na ful da gurasar tamis mai zafi, shayi riyal ɗaya. Zafin Jidda jiƙa mutum yake yi, kafin hantsi rigata ta manne.

A kasuwar zinariya na ɗauko dabarata. Na ce, "Inna, zan saya miki haƙora biyu da kuɗina, ki bar wannan."

Ta ce, "Babanka ya yi mini alkawarin zai kawo ni ya sa mini haƙori. Bai samu zuwa ba. Nasa nake so, ba naka ba."

 Daga nan ni na shige gaba wajen neman mai narka shi. Mai shagon farko ya ce narka shi asara ce, mu sayar masa. Na gaba da shi ma haka. Muka yi ta yawo har unguwar Waziriyya, inda wani maƙeri ɗan Chadi ya dubi Inna ya ce, "Halas, Hajiya, kawo." Da ya kunna wuta na kau da kai, don hawaye ya zo mini.

Mun dawo Maraɗi lafiya. Na koyi cewa abin da nake ta tsaro ba nawa ba ne. Tun rasuwar Baba ban ga Inna ta yi dariya ba, yanzu kuwa duk mai zuwa sannu da zuwa sai ta washe masa baki.