Ranar da Na Ce Ni Ɗan Daura Ne

Da la'asar na iso Zariya, ƙafafuna a kumbure, ba ni da komai sai gora da wani tsohon bargo. Daga ƙasar Damagaram na fito, a shekarun da Faransa ke ɗibar samari soja ƙarfi da yaji. Mai garinmu ya riga ya ambaci sunana. Mahaifiyata ce ta tura ni cikin ayarin masu kanwa, ta ce in tsallaka ƙasar Ingilishi, kada in waiwayo. Abu ɗaya na sa a raina tun daga hanya: duk wanda ya san garinmu zai iya sa a ɗaure ni a mayar.

A bakin ganuwa aka ce mini baƙin arewa Tudun Wada suke sauka. A lokacin ba unguwar kirki ba ce, 'yan ɗakunan laka ne da bukkoki, ciyawa har gwiwa. Aka nuna mini gidan wani tsohon madugu mai saukar baƙi. Masaukin talaka ne sosai. Ka ɗebo wa gida ruwa da safe, ka samu gefen tabarma a ɗakin da mutum huɗu ke kwana, kuɗin cizo kuma kyauta.

Tsohon na zaune a zaure yana tufka igiya. Ya dube ni daga rawani har tafin ƙafa, ya ce, "Samari, daga ina?"

Na ce, "Daga Daura, Baba."

"Daura," ya maimaita, bai daina tufka ba. "To, madalla. Wa za a gaya wa in wani abu ya same ka?"

Na ce ba kowa. A raina kuwa na ce, ka ji tsohon munafuki, tun ban ajiye gora ba ya fara tara wa Nasara labari.

Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Haka na zama a gidan nan. In matar tsohon ta aiko mini da fura, sai in ce so ake bakina ya saki. In abokin ɗakina, wani baduku mai surutun tsiya, ya tambaye ni unguwarmu a Daura, sai in kama tari. Dako na samu a tashar jirgi, ina ɗaukar dilar auduga, kuma ko can in na hango jar hular ɗan doka sai in canza hanya. Har gaisuwa na rage, don kada harshena ya tona ni. Na yi zaton wayo nake yi.

Abin da ban kula ba shi ne, a zamanin nan wasiƙar talaka bakin fatake ce. Mai saƙo kan bi masauki masauki yana tambayar masu gida ko akwai ɗan gari kaza. Don haka tsohon yake tambayar kowa garinsu. Kowa a gidan ya san wannan, ni kaɗai na mai da shi makirci.

Wata ranar kasuwa da hantsi ina jan ruwa a rijiyar tsakar gida, sai na ji sallama a zaure da irin maganarmu ta can. Guga ya kuɓuce mini. Na laɓe bayan rumbu, na ji baƙon yana cewa wani saurayi yake nema, ɗan ƙasar Damagaram, dogo, mai tabo a gira. Tsohon ya ce ya dakata, ya shigo har inda nake.

"Samari," ya ce ƙasa-ƙasa, "ga wani yana neman ɗan Damagaram. Ni dai ɗan Daura na sauka. Amma mutumin nan bai yi mini kama da ɗan aiken hukuma ba. Takalminsa ya ci hanya, kuma ya ce saƙon gida ne. In shigo da shi?"

Haushi ya kama ni, wai shi zai yi mini tarko da daɗin baki. Na ce, "Baba, ni me ya haɗa ni da Damagaram?"

Ya daɗe yana kallon girata. Sannan ya koma ya sallami baƙon, har da guzurin dabino. Ranar na ci tuwo na ƙoshi, ina ganin na sha da ƙyar.

Sai bayan damina wani ayarin kanwa ya sauka a gidan, a cikinsu akwai wanda ya san ni tun ina ƙarami. Yana ganina ya kama salati. Ya ce mahaifiyata ta yi wata biyu a kwance. Ita ta roƙi wancan bafataken ya nemo ni, ya gaya mini an daina ɗibar soja a garinmu, in zo ta gan ni. Da ya koma ya ce babu ni a Zariya, kwana tara ta ƙara ta rasu.

Na fita zaure ina kuka kamar yaro. Tsohon ya matsa mini gefen buzunsa. Na ce, "Baba, ni ba ɗan Daura ba ne."

"Na sani tun da ka yi sallama," ya ce. "Na yi fatauci a ƙasarku shekara da shekaru. Amma mai masauki ba ya faɗa wa baƙonsa garinsu."

Ya ɗauki igiyarsa, ya sake tambayata wa za a gaya wa in wani abu ya same ni. Na ce ba kowa. Wannan karon gaskiya na faɗa.