Gatarin Malam da Mazarin Kakata

Ina aji biyar a firamare, a Argungu, aka kawo mana sabon malamin labarin ƙasa. Dogo ne mai son a ji Turancinsa, kullum yatsunsa fari fat da alli. Ranar da abin ya faru, ya shigo da ƙwallon duniya a hammata, irin mai tsinken ƙarfe da ya ratsa ta daga sama zuwa ƙasa. Ya rubuta axis a allo, ya ja layi biyu a ƙarƙashi, ya ce duniya tana juyawa a kan wannan abu, kuma sunansa da Hausa gatari.

Aji ya amsa, "Gatari!" Ni ban amsa ba. Babana masunci ne, da gatari yake gyaran jirginsa, ban kuwa taɓa ganin wani abu yana juyi a kansa ba. Amma a gida akwai kakata, mahaifiyar babana, mai yini tana kaɗi. Na san mazarinta kamar yunwar cikina: tsinke ne siriri da ya ratsa tsakiyar gululun yumɓu. In ta shafa alli a yatsu ta murza, sai gululu ya yi ta juyi, tsinken na tsaye a wuri guda.

Na ɗaga hannu na ce, "Malam, wanga ba gatari na ba. Mazari na, awa na kakata."

Ya ce, "Mi kic ce?" Na maimaita. Ya sa na fito na durƙusa gaban aji, sannan ya juya ga yara.

"Ku ji ɗiyar masunta! Turawa sun yi karatu sun auna duniya, ita ko tsohuwa mai kaɗi tak kawo muna. Kakakki aji nawa tay yi?"

Aji ya fashe da dariya. Daga ranar sunana ya koma 'Yar Mazari, har sakandare sunan ya bi ni. Wannan duk da sauƙi. Da na koma gida na faɗa wa kakata, ina jira ta yi faɗa, sai ta ce, "Malam ya hi mu sani, ɗiyata." Tun daga lokacin, in ta ji na shigo da ƙawayen makaranta, sai ta yi maza ta tura mazarin ƙarƙashin tabarma. Matar da zarenta ya saya mini takalmin zuwa makarantar nan ta koma jin kunyar sana'arta a cikin ɗakinta. Haka ta yi ta ɓoyonsa har Allah Ya karɓi ranta, kuma wannan ne ban yafe ba.

Na girma na karanci harsuna, kuma ba zan yi ƙarya ba, rabin nacina saboda malamin nan ne. Duk inda na ci karo da kalmar axis sai na tsaya na tone ta. A Latin, inda Turanci ya aro ta, sanda ce da ke ratsa ƙafafun keken doki suna juyi a kanta. Girkawa na da 'yar'uwarta, ma'ana ɗaya. Larabawa na cewa mihwar, ƙarfen da gargaren jan guga ke juyawa a kansa a bakin rijiya. Ashe kowace al'umma kayan aikin hannunta ta duba ta raɗa wa abin suna, su ma da kakanninsu marasa aji ko ɗaya. Har inda Malam ya yi tuntuɓe na gano: jam'in kalmar da jam'in gatari rubutunsu ɗaya a Turanci, kuma maƙwabtanmu na Nijar, da Faransanci, suna rubuta ta daidai yadda ake rubuta gatari da Turanci. Kuskure ne da kowa ka iya yi. Ban damu ba, ni ba kuskuren nake bi ba.

Shekaru sun ja, ina zaune a Badariya, cikin Birnin Kebbi, aka gayyace ni taron daidaita kalmomin kimiyya na littattafan firamare. Aka aiko da jerin kalmomin da na mahalarta. Na ga axis a ɗaya, na ga sunan Malam a ɗayan, cikin tsofaffin malaman da za su zo daga Argungu. Na buɗe akwati na ɗauko mazarin kakata da 'yar audugarta, na sa a jaka.

Ranar taron na gan shi ya tsufa, ya ranƙwafa, bai ma gane ni ba. Da aka zo kan kalmar, wani ya ce a are ta kawai, wani ya ce ginshiƙi. Ina shirin miƙewa sai na ji ya yi gyaran murya.

"Ni dai tun da daɗewa mazari nike koya ma ɗalibaina," in ji shi. "Ni nit tsiro da ita."

Aka hau tafi. Wulaƙanta tsohuwa bai ishe shi ba, har da sace mata kalma!

Na miƙe na gaishe shi da ladabi, na ajiye mazarin a gabansa. Na ce, "Malam, Allah shi ƙara girma. Tunda kai kat tsiro da ita, murza muna mu ga yadda duniya ka juyawa."

Ya murza, mazari ya faɗi. Ya sake, ya faɗi. A na uku ya gangara har ƙarƙashin tebur. Na ɗauko, na goga allin allo a yatsuna, na murza sau ɗaya ya tsaya cak yana juyi. Yana juyin nan na ba su labari duka, da gatarin, da durƙuson, da tabarmar. Ban ɗaga murya ba, ban kuma rage komai ba.

Ya ce, "Ɗiyata, ban tuna ba. In na yi, ki yahe min."

Na ce, "Ni ko na tuna. Wadda za ka roƙa tana maƙabarta can Argungu, Malam."

Shugaban taro ya tambaya me za a rubuta. Na miƙa wa Malam alli. Ya taka a hankali zuwa allo, ina faɗa yana rubutawa: mazari, daga masu kaɗi na Argungu. Zai ajiye allin na ce saura layi biyu a ƙarƙashi. Ya ja su.

Bayan taro wasu sun ce na tsananta wa dattijo. Wataƙila. Ni dai na ci tuwona da daɗi ranar. Da na koma gida ban mayar da mazarin akwati ba. Na ɗora shi a kan teburin falo, daidai inda duk baƙon da ya shigo zai fara gani.