Tocilar nutso da ƙullin lakar Kawu

Mai shago a kasuwar Damazin ya tsoma tociloli biyu a bokitin ruwa, suka haska fes.

"Ya zol," ya ce mini, wato malam a yarensu, "ɗauki babbar. Caji ɗaya, yini guda."

Ni ke nutso a kogi in share bakin injin ban-ruwanmu idan ya toshe, ga ayabarmu ta fara yaushi.

Kawu Sale, da ya rako ni sayen tocila, ya matso. Ya ciro ƙullin lakar kogi daga aljihu, ya dama a bokitin. Hasken babbar ya watse, ba ka ganin komai sai kunu. Ƙaramar mai siririn haske ta huda har gindin bokiti.

"Alhaji, ka ɓata mini ruwa," in ji mai shagon.

"Namu haka yake zuwa," in ji Kawu.

Ƙaramar muka saya. Masu nutso, a wane irin ruwa aka gwada muku taku?