Baitin Dinatu

Duk wanda ya zauna a Samaru ya san Baba Shekari mai gyaran rediyo, tsoho mai taurin kai da ƙin zuwa biki. Tun da matarsa Dinatu ta rasu, yara suka watse Legas da Jos, abokin hirarsa ɗaya ne: faifan garmaho da zumuntar matan cocinsu suka yi tun tana amarya. A waƙa ta biyu akwai baiti guda da ta rera ita kaɗai. Ko hotonta bai kai masa wannan baitin ba.

Da muryar ta fara dusashewa, sai ya ɗora wa allurar garmahon laifi. Ɗansa Japheth ya aiko masa da sabon kan allura, irin wanda naɗin wayarsa ke motsi a ciki, wai ko numfashin mawaƙi ba ya tsere masa. Baba ya ɗaura, ya ji sauti kamar kukan sauro. Ashe irinsa sai da ɗan akwatin da ke ɗaga sauti kafin ya shiga amfilifaya, injin ƙara murya. Ya kwashi komai ya hau keke napep zuwa Sabon Gari, shagon Nwankwo mai kayan sauti.

Nwankwo yana haɗa akwatin, idonsa ya kai kan wani tsohon kwabo manne a hannun allurar.

"Baba, wannan fa?"

"Don kada ta yi tsalle. Haka kowa ke yi a zamaninmu."

"Cire shi. Nauyinsa cin faifai yake yi."

Aka cire, aka kunna. Gaskiya allurar ta cika allura. Ga kiɗan tulu, ga kacau-kacau, har tarin wata mata can baya ya fito. Da aka zo baitin Dinatu kuwa, sai shuu, kamar ruwa a kan kwano. Wurin da Baba ya fi maimaitawa, nan kwabon ya cinye tas. Tsohuwar allura ce ke lulluɓe ɓarnar, shi kuma yana cike sauran da ka.

"Amma ko makon jiya na ji ta," in ji Baba.

Nwankwo ya sunkuyar da kai yana naɗe waya.

Baba ya koma Samaru da la'asar, zuciya ba daɗi. Ya zauna a bakin gado, ya rufe ido, ya nemi baitin a ransa. Kalmomin suka zo daidai, babu wadda ta ɓace, amma da muryarsa suka zo.