Ramin Wanke-wanke

Tun kafin furfura ta zo masa ake kiransa Farin Gemu, don ƙurar dutse ce ta riga ta. Shekara talatin yana yanka marmara yana shimfiɗawa a kicin ɗin mutane, kuma abin da yake taƙama da shi guda ne: ko cokali bai taɓa ɓata a gidan da ya yi aiki ba. Kicin ɗin matarsa kuwa, kada ma ka tambaya. Teburin katako ne mai ƙafa ɗaya gajera, an tokare ta da kwali.

To, a sana'arsu, in an fafe ramin da kwanon wanke-wanke zai zauna, abin da aka ciro ba a kallonsa dukiya. Masu gida da kansu ke cewa a kwashe. Saboda haka da ya gama aiki a gidan wata malamar asibiti, ya ga guntun baƙi ne mai ɗigon zinariya, bai tambayi kowa ba ya jefa shi a mota. Kwana biyu yana goge gefensa, ya kashe kusurwoyin, ya ɗora wa matarsa a kan teburin nan. Baiwar Allah har ƙanwarta ta kira ta zo ta gani.

Sati bai cika ba malamar ta bugo waya, wai ina ragowar dutsenta?

Gaskiyarta ce mana, falle guda ta saya, har da ramin. Ya zauna a bakin shago ya kasa ko kunna inji, yana jin yadda za a ce Farin Gemu ya fara ɗauke-ɗauke da tsufansa. Kunyar matarsa kuma ta fi komai cinsa. Haka ya daure ya yi mata bayani. Ta sauke tukwanenta, ta wanke dutsen tas, ta kama masa suka kai mota.

A gidan malamar ya fara rantsuwa tun daga ƙofa, ita kuwa ba ta ma gane abin da yake ta rantsewa a kai ba. Ashe ɗan abin da za ta sa a bakin taga take nema, inda take ajiye sabulu, bai wuce taƙi ɗaya ba. Ta duƙa tana shafa gefen da ya goge, sai ta ga zoben gindin tukunya da wanki bai fitar ba.

"Baba, wannan a kicin ɗin wa ya kwana?"

Ya faɗa mata, kansa a ƙasa. Sai ta ce ya yanko mata taƙinta, sauran ya mayar wa Mama kafin lokacin girki, kuma ya gaishe ta.

Ya yanko mata taƙinta, ya kama hanyar gida da sauran. Daga ranar, ko inji ba ya saukewa sai ya tambayi masu gida ragowa ta wa ce.

Matarsa ta auna dutsen da hannu, ta dube shi ta ce, "Shekara talatin ina jira, shi ma sai da aka rage." Ta mayar da tukwanenta ɗaya bayan ɗaya, duk suka samu wuri.